Gwangwanin Injiniya

Na dawo gida daga karatu a nesa da wata shakka da ban cika faɗa wa kowa ba. A can inda na zauna, yaro da na'urar ji a bayan kunne ba abin waiwaye ba ne, kamar mai tabarau yake. Amma a irin unguwarmu, gani nake zafi da gumi da rashin sani za su gama da ita kafin wata ya zagayo, a bar iyaye da cizon yatsa. Har yau ban sauka daga kan wannan shakkar gaba ɗaya ba. Sai dai wani mai gyaran rediyo, wanda na kai wa tsohon akwatin rediyon mahaifina, ya nuna mini cewa matsalar takan shigo ta ƙofar da ba a tsare ba.

Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa shiga ajin da ake koyar da wannan ba. Shagonsa yana ƙarƙashin matattakalar wani bene, tsakanin mai aski da mai sayar da fenti. Faɗinsa bai wuce mutum ya miƙa hannu biyu ba, amma tun daga ƙasa har rufi cike yake da gawarwakin rediyo da lasifika. Shekara ashirin da biyu ya yi yana shaƙar hayaƙin dalma a wurin. Kunne ne jarinsa. In ka kawo masa rediyo, kafin ya taɓa sukudireba sai ya kunna, ya karkata kai ya saurari gunjin, ya ce maka ga abin da ya mutu. Da wuya a buɗe a tarar ba haka ba ne.

Yana da doka guda wadda ba ya karyawa: ba abin da ke shiga cikin inji sai ya bi ta kan mitarsa. Kasuwa ta cika da jabu, kuma jabu ya sha kunyata shi a farkon sana'a. Saboda haka ko batir ne sabo fil a cikin leda, sai ya farke ya ɗora masa wayoyin nan biyu, ja da baƙi, ya ga allura ta motsa.

"Kai ko matarka aka kawo maka, na san sai da ka sa mata mita," in ji mai aski.

"Da na sa maka kai, ai da tuni an mayar da kai kamfani," in ji Injiniya.

Shekara shida suka yi da matarsa kafin Allah ya ba su haihuwa. Yarinyar ba ta da yawan kuka, sai wani ɗan guguni da take yi a maƙogwaro, shi ya sa kakarta ta wajen uba, wadda duk gidan ke kira Inna, ta sa mata Tattabara. Kowa na yabon haƙurinta. Tana da shekara ɗaya da wata biyu uwar ta biyo da ita ta shagon a goye. Injiniya yana gwada wata ƙatuwar lasifika, waya ta taɓa waya, abin ya yi wata irin tsawa da ta sa mai aski ya yanki kunnen wanda yake wa aski. Kowa a layin ya zabura. Tattabara kuwa tana bayan uwarta tana tsotsar yatsa, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Injiniya ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi. Ya tafa hannu a bayan kan yarinyar. Shiru. Mutumin da yake jin ciwon rediyo daga nesa, ya yi wata goma sha huɗu da kurma a ɗakinsa bai sani ba.

A sashen kunne na asibiti aka ce akwai sauran ji a kunnuwan biyu, kuma na'ura za ta taimaka in an yi da wuri, don shekarun nan na farko su ne na koyon magana. Na'urorin ba su da yawa, aro ake bayarwa, masu jira kuma sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Wata takwas suka yi a layi. Da nasu ya zo, ya zo da sharaɗi: a cikin kowace na'ura akwai abin da ke ƙirga awannin da ta yi tana aiki. Bayan wata shida za a duba. In an ga ba a amfani da ita yadda ya kamata, a karɓe a ba wani yaron.

Ranar da aka koyar da yadda ake kula da su, uwar ce ta je ita kaɗai, shi aiki ya riƙe shi. Ta dawo da ƴan abubuwa biyu kamar ƙwayar wake, kowanne da ƴar roba da aka zuba daidai ramin kunnen yarinyar, da fakitin batir ƙanana, kowanne da ƴar takarda manne a bayansa. Ta jero masa abin da aka ce. Kada ruwa ya taɓa. A cire in za ta kwanta. Batir kuma a ɓare takardarsa, a ɗan jira, sannan a saka. Kowace safiya a dunƙule na'urar a tafin hannu, in ta yi fito to tana aiki.

"Maman Tattabara," in ji shi yana murmushi, "yanzu ni za a koya wa batir?"

Wata ukun farko sun zo da abin da ba su taɓa gani ba. Cokali ya faɗi, yarinya ta waiwaya. Inna ta yi atishawa, yarinya ta fashe da kuka, Inna ta fashe da dariya har da hawaye. Gugunin nan ya fara buɗewa yana zama ba-ba-ba. Injiniya ya ce shi ake kira, uwar ta ce ya daina cika baki, ko akuya ma tana faɗin haka.

Sai aka ba su batir na wata uku na biyu. Ranar ya ga matarsa tana fama da ƴar takardar nan da farce, yarinya na zillewa, ruwan wanka na hucewa. Ya ce a ransa, ga inda zai taimaka. Ya tafi da fakitin shago, ya share tebur, ya ɗauki hantsaki. Ɗaya bayan ɗaya ya ɓare su duka ashirin da huɗu, ya ɗora wa kowanne mita, allura ta tashi cif. Ya samo wani ɗan gwangwani mai murfi, ya yanka kwali ya yi masa ɗakuna, kowane batir da ɗakinsa. Aiki ne mai kyau, har mai aski sai da ya yaba. Daga ranar gwangwanin yana aljihunsa. In lokacin canji ya yi, shi zai sake gwadawa, ya saka da hannunsa, ya miƙa wa uwar. Ita kuwa ta ji daɗi an ɗauke mata wani nauyi, ba ta ƙara bi ta kan batir ba.

Wajen wata guda komai lafiya. Daga nan Tattabara ta fara fizge na'urar.

Da safe uwar za ta dunƙule ta a hannu, ta yi fito, ta saka. Kafin a gama share tsakar gida yarinya ta ciro ta jefar. An tsinto ɗaya a cikin takalmin Inna, an tsinto ɗaya a bakin magudanar ruwa, saura ƙiris. Uwar ta ɗinka mata hula mai igiya a haɓa, ta yadda hannu ba zai kai ba. Yarinyar ta koma dukan kanta da hannu biyu tana ihu. Uwar takan zauna ta matse ta tsakanin gwiwoyi, ta riƙe hannuwan, su yi ta kuka tare. Amma ba ta fasa ba ko rana ɗaya. Daga safe har magariba na'urar na kunne, ko ana so ko ba a so.

Ba-ba-ba ɗin ya yi ƙasa, ya koma guguni. Cokali ya faɗi, ba waiwaye.

Inna ta fara magana, ba da ƙarfi ba, amma inda za a ji. "Ni dai na san da farko abin yana yi. Ko hannun da ke sakawa ne ya gaji, oho. Yaran yanzu, abu in ba na kwalliya ba ne, ba ya daɗewa a ransu."

Uwar ta ce wa mijinta ko batir ne. Ya fito da mita a gabanta, ya ɗora, allura ta tashi. "Kin gani? Batir ƙalau yake. Ki dai duba yadda kike cusa robar nan."

Ta duba. Ta sake dubawa. Haka aka yi ta tafiya har ranar da aka ɗiba ta zo.

Sun isa asibitin da wuri, amma sun tarar da benci ya cika. Daura da su wata mata ce da ɗanta a cinya, kunnuwansa babu komai. Idonta na kan hular Tattabara, inda na'urar ta ɗan turo. Ta tambayi uwar ko sun daɗe da samu, ta ce ita watanta goma ke nan tana zuwa tambaya. Ba da wata manufa ta faɗa ba, amma maganar ta soki Injiniya. Ya gyara zama ya kalli bango.

Likitar kunnen mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da yawan fara'a, ba ta kuma da wulaƙanci. Ta shigar da su wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, inda mutum ke jin bugun zuciyarsa. Uwar ta zauna a tsakiya da yarinyar a cinya. Akwai lasifika a dama da hagu. Likita ta danna wani abu, sauti ya fito ta dama. Injiniya, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya ji shi sarai. Tattabara tana wasa da igiyar hularta. Aka ƙara ƙarfi. Aka koma hagu. Aka ƙara. Ko gezau.

Suka koma ofis. Likita ta cire na'urorin, ta jona su da kwamfuta, ta tsaya tana kallo.

"Maman yarinya, awa nawa take yi da su a rana?"

"Tun safe har magariba, likita."

"Kullum?"

"Kullum ta Allah."

Likita ta juyo da fuskar kwamfutar. "Wata huɗun farko, awa tara, awa goma. Madalla. Amma sati bakwai ɗin nan na baya, minti arba'in ne a rana. Wata rana ma ashirin."

"Wallahi ƙarya take yi!" Muryar uwar ta tashi, har yarinyar ta ɗago ta dubi bakinta. "Ki yi haƙuri, likita, ba ke nake nufi ba. Amma ki dubi hannuna, duk yaƙushinta ne. Kullum sai ta yi fito kafin in saka."

"Na ji. Sai dai kowa haka yake ce mini, baiwar Allah. Ni kuma ba na gidanku, abin da na'ura ta rubuta shi nake da shi. Kin ga mutanen da ke waje." Ta jawo takardar karɓe na'ura daga aljihun tebur ta ajiye, ta ɗora biro a kai. "Bari in tabbatar ba na'urar ce ta lalace ba, don kada in zalunce ku."

Ta zare batir ɗin da ke ciki ta ture gefe, kamar yadda ta saba yi wa kowa. Ta ɗauko sabo daga nata fakitin, ta ɓare takardar, ta ajiye shi a kan tebur, ta tsaya tana kallon agogon hannunta.

Injiniya bai iya ganin ana aikin batir ya yi shiru ba. "Likita, jiran me ake yi?"

"Iska. Wannan ba irin na tocila ba ne. Akwai ƴan huji a bayansa, takardar ce ta toshe su. Sai iska ta shiga yake farkawa. In kuwa ya farka, ya kama hanyar mutuwa ke nan, ko an saka shi ko ba a saka ba. Shi ya sa ba a ɓarewa sai ranar da za a yi amfani da shi."

Ta faɗa ne kawai, idonta na kan agogo.

Injiniya ya gane nan take. Ba sai an yi masa dogon bayani ba, shekara ashirin da biyu sun ishe shi ya ƙarasa sauran. Batir ɗin da ya sha iska ya bushe zai nuna wa mita ƙarfi, don mita ba ta ɗora masa kaya. Zai tayar da na'ura ta yi fito a tafin hannu. In aka bar shi da aiki, minti kaɗan ya kwanta. Daga nan abin da ke kunnen yarinyar ya zama toshe, yana tare mata har ɗan jin da Allah ya bar mata. Sati bakwai ana ɗaure mata toshe da igiya a haɓa, tana dukan kanta tana gaya musu, ba wanda ya ji.

Gwangwanin yana aljihunsa na dama. Yana jin sanyinsa a cinya.

Ya saci kallon matarsa. Ba ta ma ji abin da aka ce ba, kanta na sunkuye, tana share hanci da bakin mayafi. Ba ta taɓa buɗe gwangwanin ba. Likita kuwa ba ta san da shi ba. In ya yi shiru, ba wanda zai taɓa sani. Za a ce uwa ce ta yi sakaci, Inna ta ce ai na faɗa, shi kuma ya koma shago Injiniyansa, mai kunnen da ba ya kuskure.

Likita ta saka sabon batir, ta saurari na'urar da wata ƴar roba a kunnenta. "Lafiyarta ƙalau," in ji ta. Ta ɗauki biro.

Uwar ta ɗago. Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai. "To wataƙila ni ce, likita. Wataƙila ban iya sakawa ba. Ni ban yi karatu mai nisa ba. In ni ce, a koya wa babanta, shi ya san kan inji. Kada a karɓe don ni."

Injiniya ya dubi biron. Hannunsa ya shiga aljihu, ya tsaya a can. Biro ya taɓa takarda.

"Likita, dakata."

Ya fito da gwangwanin, ya buɗe, ya ajiye a kan takardar. Ga ragowar batir ɗin nan a jere cikin ɗakunansu na kwali, tsirara, suna ƙyalli. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ni na ɓare su. Duka, rana ɗaya, wata uku ke nan. Na ce in gwada su ne kada a ba mu jabu. Ta ce mini ko batir ne, na nuna mata mita na rufe mata baki. Ba ta taɓa fashin sakawa ba, ni shaida ne. In akwai wanda za a hukunta, ga ni."

Likita ta ɗauki gwangwanin ta juya shi a hannu.

"Sana'ar me kake yi, malam?"

"Gyaran rediyo."

"Na ga alama. Wanda bai san komai ba ai ba zai iya wannan ɓarnar da kyau haka ba." Ba ta yi dariya ba, amma ta ajiye biron.

Matarsa ta dube shi kallo ɗaya, ta kawar da kai. Daga baya ya ce mini da zagi ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Likita ta saka sabon batir a ɗaya na'urar ma, ta mayar wa yarinyar da duka biyun, aka koma ɗakin soso. Sauti ya fito ta dama. Tattabara ta tsaya cak da igiyar a hannu. Ta juya kai a hankali, tana neman inda abin ya fito. Aka yi ta hagu, ta juya hagu. Hannunta bai ko nufi kunne ba.

"Ba zan yi muku alƙawarin abin da ba nawa ba," in ji likita da suka fito. "Doka ta ce in karɓa. Zan rubuta abin da ya faru, in nemi a ƙara muku sati shida. In kun dawo lambar ba ta tashi ba, ba ni da bakin magana, ko da wane irin gwangwani ka zo. Batir kuma a hannun uwa zai zauna. Kai ko kallonsa kada ka yi."

Da suka fito, matar nan mai jira tana nan a bencinta. Injiniya ya wuce ta kansa a ƙasa.

A gida shi ya gaya wa Inna da bakinsa, a gaban matarsa. Tsohuwar ta juya ta ce wa surukarta, "Ki yafe mini, ƴar nan. Ashe ɓeran a ɗakina aka haife shi." Uwar ta yi kwana huɗu ba ta yi masa maganar da ta wuce ga abinci ba. A rana ta biyar ta miƙa masa yarinyar ta ce ya riƙe mata kan za ta saka na'ura, kuma ya yi hankali kada ya sa mata mita. Nan ya san ta fara sauka.

Sati shida suka cika, kwamfuta ta nuna awa tara da rabi. Aka bar musu.

Ranar da na je karɓar rediyon mahaifina, Tattabara na zaune a kan wata tsohuwar lasifika kusa da teburinsa, ba hula, na'urorin a fili. Shi kuwa bakinsa bai huta ba. Duk abin da ya ɗauka sai ya nuna mata ya faɗi sunansa. Wannan waya, waya. Wannan zafi, kada ki taɓa, zafi. Mai aski ya leƙo ya ce tun safe aka hana shi jin labarai. Yarinyar tana bin bakin uban da ido, wani lokaci ta kwaikwayi rabin kalma, wani lokaci ta yi shiru.

Na tambaye shi, sati bakwai ɗin nan da suka wuce ta a banza, a lokacin da aka ce kowace rana tana da muhimmanci, ko za ta iya maido su?

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Na tambayi likita haka. Ta ce ba ta sani ba, kuma duk wanda ya ce mini ya sani, ƙarya yake yi. Ba mitar da zan ɗora wa yarinyar nan in gwada. Shi ya sa ka ga ina ta zuba. In sun maidu, to. In ba su maidu ba, ba dai don na yi shiru ba."